Sunayen Wahala a Bakin Bature da Bakin Bahaushe

Kwanan baya na raka wata gwaggona asibiti. Tsohuwa ce daga wani ƙauye na ƙasar Kusada, tun da mijinta ya rasu ta ke ta ramewa, har ta fita takaba da wata uku ba ta komo daidai ba. 'Ya'yanta suka ga abin ya fi ƙarfin jiƙe-jiƙe. Ba zan faɗi sunan asibitin ba, don ba ƙararsa na kawo ba. Likitan da muka tarar yaro ne mai kirki, daga Kudu aka turo shi hidimar ƙasa, ba ya jin Hausa sai "sannu" da "ina kwana". Saboda haka aka kirawo wani saurayi ya yi tafinta.

Saurayin ya durƙusa ya ce, "Inna, me ke damunki?"

Ta ce, "Ɗan nan, gabana ke faɗuwa ba dalili. Ƙirjina ya yi ƙunci, kamar an ɗora mini dutsen niƙa. Dare ya kan raba idona biyu. Tuwo kamar ƙasa a bakina. Jikokina da na ke so, yanzu ko muryarsu ba na son ji."

Na ƙirga da yatsa, abu biyar ta faɗi. Saurayin ya juya wajen likita ya faɗi kalma ɗaya tak ta Turanci, watau "worry". Likita ya yi murmushi, ya ce a gaya wa Inna ta rage tunani, ya rubuta maganin ƙarin jini da na ciwon jiki, muka kamo hanya. A cikin mota na yi ta juya abin a raina. Saurayin nan bai yi ƙarya ba, bai kuwa faɗi gaskiya ba. An ba shi kaya biyar ya haye rafi da su, ya isa gaci da ɗaya, sauran ruwa ya tafi da su.

Wannan shi ya sa na ɗauki alkalami. Ku da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci, yanzu waɗannan kalmomi na Turanci suna zuwar muku ta ko'ina: ta rediyo, ta waya, ta katin asibiti, ta bakin 'ya'yanku. Wanda ke zaune Kankiya ma ya fi kowa jinsu, da ya ke akwai makarantar koyon aikin lafiya a garin, ɗalibanta kuwa ba su rabuwa da su ko a teburin mai shayi. Ya kamata mu zauna mu kwance su ɗaya ɗaya, mu ga abin da ke ƙunshe ciki, mu kuma duba ko masu juya mana su zuwa Hausa suna riƙe amana.

Bari mu fara da uwarsu, "suffer", wadda mu ke fassarawa da shan wahala. Asalinta Latin ne, harshen Rumawan dā, ta shiga Turanci ta hannun Faransanci, bayan da Normawa daga ƙasar Faransa suka ci Ingila a 1066. Kamar yadda azaba da uƙuba da musiba suka zo mana daga Larabci, haka su ma yawancin manyan kalmominsu na wahala baƙi ne da suka zama 'yan gari. Ma'anarta ta fari ita ce ɗaukar abu kana ƙarƙashinsa. Bature ke nan ɗaukar wahala ya ke yi, kamar ɗan dako. Bahaushe kuwa shanta ya ke yi: ya sha wuya, ya sha rana, ya sha kashi, ya sha ɗaci. Abin da ka ɗauka kana iya saukewa a gindin itace ka huta, amma abin da ka sha ya riga ya bi jini. Ban ce wani ya fi wani hikima ba, amma in an tambaye ni, na fi ganin gaskiya a bakin Bahaushe.

To, ga tarko na fari. A bakin likita wannan kalma ba ta da nauyin da mu ke zato. In ya rubuta cewa wane yana "suffering from malaria", ba cewa ya yi yana shan azaba ba, cewa ya yi yana fama da zazzaɓin cizon sauro, ko da kuwa mutumin yana zaune yana cin gyaɗa. Mura ma haka za a rubuta ta. Fama ita ce kalmar da ta dace a nan. Na ga dattijon da ɗansa ya karanta masa irin wannan takarda da fassarar azaba, ya koma gida yana rabon wasiyya.

Abin dariya kuma, mu ma mun ba su rance. Kalmarmu wahala ta bi fatake da sojoji da leburori ta gangara Kudu, yau a Ikko da Fatakwal wanda bai san ko "zo" da Hausa ba ya san wahala. Akwai kuma wata da ta ba ni sha'awa, "patient". Da ita su ke kiran majinyaci, da ita kuma su ke kiran mai haƙuri, tushenta kuwa jure wahala. Duk wanda ya taɓa yini a kan bencin asibiti yana jiran a kira sunansa ya san dalilin da ya sa kalma ɗaya ta ishi ma'anar biyu.

A kan zafin jiki ba zan daɗe ba, don a nan Bature bai fi mu kaya ba. Yana da "pain", wadda asalinta horo ne ko tara, yana da "ache" ta ciwon da ke nuƙurƙusa kamar na haƙori ko na kai. Mu kuwa muna da ciwo, da zafi, da raɗaɗi, da zogi, da suka, da murɗa, da sara. Matar da ta ce cikinta na murɗa da wadda ta ce yana suka ba abu ɗaya su ke faɗi ba, ungozoma ma ta sani. Tafintan da ya tattara su duka ya zuba cikin "pain" ya yi wa likita rowar abin da zai taimake shi gane cutar.

Mu komo kan kalmar da saurayin nan ya faɗi. "Worry" ba baƙuwa ba ce, 'yar asalin Turanci ce tun na dā, ma'anarta ta fari kuwa shaƙewa. Har yau makiyayan Ingila su kan yi amfani da ita in kare ya kama tunkiya a maƙogwaro yana girgiza ta. Tamu kalmar, damuwa, daga dama ta fito, damun fura da damun kunu. Wanda ya damu an sa ludayi cikin ƙwaryar zuciyarsa ana juyawa, abin da ya kwanta ƙasa ya taso sama. Su kare a wuya, mu ludayi a ƙwarya, amma a wajen aiki kalmomin biyu sun yi daidai da juna. Dukansu suna da abin da a ke yinsu a kai. Manomi ya damu ruwa ya ɗauke bayan shuka, uba ya damu kuɗin makaranta, mai babur ya damu da tsadar mai tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023. In ruwa ya sauko, damuwar manomi ta tafi. Ba cuta ba ce, kowa na yinta, wanda ba ya damuwa da kome ma shi a ke yi wa kallon marar hankali.

Da a nan damuwa ta tsaya, da ba ni da ƙara. Amma ku kasa kunne ga masu fassara labaru da masu yi wa jama'a bayanin lafiya. "Worry", damuwa. "Concern", damuwa. "Stress", damuwa. "Anxiety", damuwa. "Depression", ciwon damuwa ko tsananin damuwa. An sami jaki ɗaya mai haƙuri an labta masa kayan jakai biyar, ga sauran jakai a turke suna cin harawa. Wannan ita ce ƙarata, ba kuwa ta ado ko son burga ba ce. In suna ɗaya ya haɗa abin da haƙuri ke magani da abin da sai likita, to mai cutar za a yi ta ba shi haƙuri har ta kwantar da shi.

Dubi "anxiety". Tushenta na Latin yana nufin matsewa da ƙuntatawa, daga nan kuma "anguish" ta fito, watau matsanancin ƙunci, da "angina", ciwon ƙirjin da ke kama mutum in jini bai ishi zuciyarsa ba. Ashe sa'ad da gwaggona ta ce ƙirjinta ya yi ƙunci, ta taka sawun Rumawa ba ta sani ba. Mutane ko'ina a jiki su ke fara jin abin, sa'an nan su nema masa suna. Bambancin kawai shi ne Bature ya manta asalin kalmarsa, har ya ɗauka abin a ka ya ke, mu kuwa har gobe muna nuna gaba da ciki da ƙirji.

A wajen aiki, "anxiety" gaba ta ke duba, abin da bai zo ba tukuna. A nan Hausa ta yi arziki, sai wanda ya ƙi. In kura ta tsaya a gabanka, tsoro ke nan. In ta ɓullo maka ba zato, firgita ko razana. In kukanta ka ji daga nesa ba ka san inda ta nufa ba, fargaba. In kana kwance a ɗakinka, ba kura ba kukanta, amma gobe za ka ratsa dajin, kana ta saƙawa da kwancewa har asuba, wannan zullumi ne. In kuwa ka rasa tsayar da shawara, ka tafi ko ka fasa, taraddadi. Kama da wane ba wane ba ne. "Anxiety" ta yau da kullum tana tsakanin fargaba da zullumi, mai fassara sai ya dubi maganar ya zaɓa. Akwai ma inda ba ko ɗaya daga cikinsu. Yaron da ke karatu a Zariya in ya rubuto cewa yana "anxious" ya zo gida, ɗoki ya ke nufi, kada uwarsa ta kwana ba barci.

Amma kowace irin wannan kalma tana da riga biyu, ta zaman gida da ta zuwa aiki. In likita ya ce "anxiety disorder", yana nufin fargabar da ta wuce dalilinta, ko ta zauna ba dalili, yawancin kwanaki, wata da watanni, har ta hana mutum barci da sana'a. Littafin da likitocin Amurka ke bi ya sa wata 6 ga irin wadda ta game kome. Wani kuma ta kan zo masa farat ɗaya, zuciya na dukan tara-tara, numfashi na sarƙewa, gumi na karyowa, ya tabbata mutuwa ce, bayan 'yan mintoci ta sake shi. Da yawa a ƙauyukanmu iska a ke cewa ta taɓa irin wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ciwon fargaba iri iri sun kai miliyan 301 a 2019. Ciwon fargaba, ga sunan nan a bakinmu, ba sai an ƙago ba.

A nan dole in yi hattara, don a Jihar Katsina fargaba ba ta rasa dalili ba. Ba wanda ya manta daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Masifar 'yan bindiga ta fi tsanani a yamma da kudancin jihar, amma hayaƙinta ya iso ƙauyukan tsakiya. Mutumin da ya kwana a gona ko a kan soro don ya ji labarin babura sun doso, lafiyarsa lau, hankalinsa ne ke aiki. Wanda ya ce da shi yana da "anxiety" ya ba shi ƙwaya ya zalunce shi, tsaro ya ke bukata. Amma akwai wanda aka sako bayan an biya fansa, ya komo gida, aka yi barka, wata shida ya wuce, har yanzu in babur ya wuce bayan katanga sai ya zabura, dare ya yi ya koma dajin cikin mafarki. Wannan shi Turawa ke kira "trauma", kalmar Girkanci mai ma'anar rauni. Da can raunin jiki kaɗai ta ke nufi, har yanzu ma likitan fiɗa haka ya ke amfani da ita. Sai a 1980, bayan an ga halin da sojojin Amurka suka komo da shi daga yaƙin Biyetnam, aka sa raunin da firgita ke bari a zuciya cikin littafin cututtuka da sunansa na yanzu. In an ce da wannan bawan Allah yana da damuwa, an rage masa. Ni da za a bi tawa, tabon firgita zan ce, don tabo shi ne abin da ke saura bayan an ce miki ya warke.

"Stress" kuwa ta zama goron samari, kowa na tauna ta. Yaro ya yi sharar tsakar gida ya ce "sitires", ma'aikaci ya yi awa biyu a ofis ya ce "sitires". Asalinta ɗaurewa tamau, magina da maƙeran injuna suka riƙe ta don nauyin da ke kan ƙarfe ko azara kafin ta lanƙwashe. Wani likita mai suna Hans Selye, da ke aiki a Kanada, ya bayyana yadda jiki ke amsa matsi a 1936, daga baya ya yayata kalmar har ta game duniya. Azarar da aka yi wa yaɓe mai kauri, ita ce hoton. Ba cuta ba ce ita kanta, amma in nauyin ya daɗe azara ta kan tsage. Muna da gajiya, da ɗawainiya, da matsi, da takura. Wanda ya ce da kakarsa "sitires" alhali ga waɗannan, ba ilmi ya nuna ba.

Kafin in wuce, ga wata da ke kashe mutane a ɓoye. Sunan hawan jini da Turanci "hypertension". Da ya ke mutane sun san "tension" da ma'anar zaman ɗar-ɗar, sai suka ɗauka hawan jini ciwon tunani ne kurum. Saboda haka mutum ya kan sha magani sa'ad da ransa ya ɓaci, in hankalinsa ya kwanta ya ajiye. Alhali abin da kalmar ke nufi a nan shi ne ƙarfin da jini ke tunkuɗar jijiya da shi. Ɓacin rai ya kan ɗaga shi, gaskiya ne, amma gado da gishiri da ƙiba da shekaru duk suna ciki, sau da yawa kuma ba ya nuna alama. Mutum na raha a majalisa jininsa ya haura 140 bisa 90 bai sani ba. Awo ke faɗi, ba kwanciyar rai ba.

Yanzu ga babbar, "depression". Ma'anarta ta asali dannawa ƙasa. Da ita su ke kiran kwari, inda ƙasa ta lotsa. Da ita su ke kiran karyewar ciniki irin wadda ta faɗa wa duniya daga 1929, har kuɗin gyaɗa ya zube a Kano talakawa suka rasa na haraji. A bakin mutanen gari kuma ta kan zama ɓacin rai na yini ɗaya, yarinya ta faɗi jarrabawa ta ce ta shiga "difireshin", jibi ka gan ta gidan biki. A bakin likita kuwa abu ne mai iyaka da sharaɗi: mutum ya yi aƙalla mako 2, kusan kullum, yawancin yini, ransa a dagule ko kuwa daɗin kome ya fita masa, tare da lalacewar barci, da canjin cin abinci, da mutuwar jiki, da ganin kansa ba shi da amfani, wani har ya riƙa jin gara ya mutu. Ta kan kama mai jego bayan haihuwa, ta kan kama tsoho, ta kan kama mai kuɗi da ba ya neman kome. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 masu ita sun kai miliyan 280. Tana kuwa da magani, na sha da na zama a yi magana da wanda ya koyi aikin.

Ku koma ku dubi abin da gwaggona ta lissafa, ku gwada da wannan.

To, "ciwon damuwa" ta fassara wannan? Sai in yi mata adalci tukuna. Wanda ya fara haɗa ta ya yi dabara biyu: ya sa kalmar ciwo, don a san abin na asibiti ne, ya kuma kauce wa kalmar hauka. Ta riga ta kama baki, ba na zaton rubutuna zai tumɓuke ta. Amma hotonta ya saɓa. Damuwa motsi ce, ludayi na juyawa. Wannan cuta kuwa sau da yawa rashin motsi ce, fura ce da aka bari ta kwana, ta kwanta ƙasa, ruwa ya tsaya sama. Mai ita in ka tambaye shi me ya dame shi, ya kan ce ba kome, gaskiya kuwa ya faɗi. Daga nan sai dangi su ce, "To, ka ci ka sha, me ka rasa? Ka gode wa Allah." Sunan da kansa ya sa su neman dalili, da ba su samu ba sai suka ga butulci.

Na gwada waɗansu kalmomin na ga kowace da aibinta. Baƙin ciki tana da fuska biyu, don ɗan baƙin ciki a Hausa mahassadi ne. Mutuwar zuciya zagi ce, ta malalaci ce wanda ya zubar da kansa. Karayar zuciya ta yi kusa, sai dai ta fi dacewa da wanda ya sare a tsakiyar aiki. Alhini da jimami da juyayi na rashi ne, su ne "grief" ta Turawa, wadda tushenta nauyi. Su kuwa ba cuta ba ne, hakkin mamaci ne a kan mai rai, shi ya sa a ke zaman makoki, mace ta yi takaba wata 4 da kwana 10. Sai in sun ƙi sauka, sun hana ci da barci da son jikoki, a ke zargin wani abu ya shigo bayansu. Wadda na fi yarda da ita ita ce ciwon ƙuncin rai. Ba ta tambayar dalili, ba ta zagi, tsohuwa ma in ta ji za ta gane kayanta.

Abin da ke sa mutane gudun duk waɗannan sunaye shi ne tsoron kalma ɗaya, "mental". Ma'anarta abin da ya shafi hankali, kamar yadda a ke cewa na ido ko na haƙori, har lissafin da yaro ke yi da ka ba da alli ba haka su ke kiransa. Amma a bakinmu ta zama hauka tuburan, mai yawo a kasuwa da tsumma. Laifin ba namu kaɗai ba ne. Dokar da Turawan mulki suka kafa a 1916, wadda aka sabunta a 1958, da sunan mahaukata ta ke, da kalmar da asalinta farin wata ne, don mutanen dā sun ɗauka wata ke juya hankali. Tsarewa ta fi ba ƙarfi bisa jiyya. Sai a watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar hankali. Tun 1954 kuwa Dakta Adeoye Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abekuta, cewa ana iya jiyyar irin waɗannan majinyata suna zaune a gidajen ƙauye tare da danginsu. Doka ta canja suna, saura bakin mutane.

Wani zai ce, ai akwai ƙamus, a duba mana. Akwai. Bargery ya fitar da nasa a 1934, da kalmomi wajen 39,000, Abraham ya biyo baya, Neil Skinner ya yi na Turanci zuwa Hausa don 'yan makaranta, Jami'ar Bayero ta fitar da na Hausa zalla a 2006. Duk sun yi aikin da ya cancanci godiya. Amma ƙamus ɗan canji ne, ka ba shi kalma ya ba ka kalma, ba ya tambayarka abin da za ka saya. Ba zai gaya maka ko rigar gida kalmar ta sa ko ta aiki ba. Na dā ɗin kuma an rubuta su kafin waɗansu ma'anonin nan su yaɗu ko a Ingila. Mai fassara in ya buɗe ya ɗauki ta farkon layi ya rufe, laifinsa ne, ba na Bargery ba.

Ga tafintan asibiti kuwa, abin da na ke roƙo ƙarami ne. Kada ya yi wa likita hukunci. In tsohuwa ta ce dutsen niƙa, ya ce dutsen niƙa. In ta faɗi biyar, ya kai biyar. Ku kuma in an ba ku suna da Turanci, ku ce a warware muku da Hausa, ku tambaya ko na haƙuri ne ko na magani, matambayi ba ya ɓata.

Bayan wata guda muka mai da gwaggo, don maganin ƙarin jinin ya ƙare ba ta ƙaru da kome ba. Wannan karon wata ma'aikaciyar jiyya muka samu, Bakatsiniya. Ba ta ce me ke damunki ba. Ta ce, "Inna, yaya barci? Tun yaushe? Da can me ki ke jin daɗinsa wanda yanzu ba ki ji?" Ta bi abu biyar ɗin nan ɗaya ɗaya ta kai wa likita kamar yadda aka faɗa mata. Aka auna jini, aka duba waɗansu abubuwa, sa'an nan ya rubuta kalmar nan mai ma'anar dannawa ƙasa, ya ba da magani, ya ce ba a ganin aikinsa sai bayan makonni, kada a bari, kada kuma a bar ta ita kaɗai a ɗaki.

Jikanta da ke sakandare ya karɓi katin ya duba a wayarsa, na ga fuskarsa ta canja. Ya ja ni gefe ya ce, "Baba, an ce na masu taɓin hankali ne. Kada mu faɗa a gida." Muka zauna a kan dakalin asibitin na yi masa wannan bayanin da na yi muku, ko da ya ke a gajarce.

Da na je gaishe ta bayan Sallah na tarar da ita a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ƙaramin jikan yana kwance a cinyarta. Na ce, "Gwaggo, yaya dutsen?"

Ta ce, "Yana nan. Amma da uwar ce, yanzu ɗan ne."